Cindo, Maharbin da Ya Shuka Kibansa

Tun zamanin da daji ya fi gari yawa, lokacin da kura ke leƙo danga da rana tsaka ba ta jin kunyar kowa, an yi wani maharbi a Gawon Tudu ana ce masa Cindo. Dattawan garin ba sa fara labarinsa daga haihuwarsa. Daga ranar da ya dawo suke farawa, bayan ya yi shekaru a dazuzzukan kudu har an gaji an daina ajiye masa tuwo.

Da bazara ya dawo, rana tana dukan ƙeya. Abin da ya fara rasawa shi ne babban gawon ƙofar gari, wanda matafiyi ke hangowa tun daga nesa ya san ya iso gida. Kututture ya tarar, akuya tana kwance a kai tana tuƙa. Tsamiyar da ake cin kasuwa a gindinta babu ita. Kanyar bakin rafi da ya sha faɗowa daga kanta yana yaro, ita ma an sare. Shingen ƙaya da gambar da ke raba gonaki duk an cinna musu wuta, har mutum yana iya tsayawa a gonar gabas ya gane launin hular mai aiki a gonar yamma. An yi wa igiyar guga ƙari. Rumbuna da yawa an sauke musu jinka, suna tsaye baki buɗe kamar masu hamma. Yayansa Nomau, wanda ya bari yana koyon riƙe garma, ya zama Sarkin Noma, furfura ta fara cin gemunsa. Mahaifiyarsu Marka kuwa idanunta sun tafi.

Duk wannan ya gani da ido. Abin da ya fi ci masa rai bai gane shi ba sai washegari da safe, da ya fito ƙofar gida ya tsaya. Zakaru sun yi cara, sun yi shiru, daga nan sai ba a ƙara jin komai ba. Babu kurciya, babu kukan fakara daga bakin gona, babu cilakowar da ke tashi daga wannan ice zuwa wancan tana surutu. Garin da ya sani ba a iya barcin safe a cikinsa saboda hayaniyar tsuntsaye, yau sai ƙarar taɓarya kaɗai.

Shi Cindo da yatsa na ƙari aka haife shi a hannun dama, kuma ana cewa da wannan yatsan yake jin inda iska za ta karkatar da kibiya. Tun yana saurayi ƙafarsa ba ta san zama ba. In ya kwana biyu a gida sai ya fara duban hanya. Maroƙan maharba kan yi masa kirari su ce: “Cindo na Marka, mai yatsan ƙari! Burtu mai tafiyar ƙasaita! Yau a nan, gobe sai labari! Ɗan da ƙafarsa ke yanke masa shawara!” Kibansa ba irin na kowa ba ne. Wani tsohon maƙeri na bayan babban kogi ya ƙera masa su, bayan ya daɗe yana yi masa zuga, kuma maƙerin ya mutu da sirrin ƙarfensa da na dafinsa. Abin da ke cikin kwarin Cindo shi ke nan, ba a samun wasu.

Ya sami mahaifiyarsa a kan tabarma a gindin danga. Ta shafa fuskarsa, ta laluba hannunsa har ta kai ga yatsan nan, sannan ta yarda shi ne.

“Auta, ashe kana raye. Ka yi kaurin daji.”

“Inna, ina tsuntsayen garin nan?”

Ta yi ajiyar zuciya. Da yake Nomau ɗan farinta ne ba ta faɗin sunansa, sai ta ce, “Tambayi yayanka. Tsuntsayen nan jan baki ne suka sauko mana wata shekara, gero yana cikin nono, suka zo kamar hadari. Abin da muka girbe bai kai mu rani ba. Sai yayanka ya tara mutane ya ce tsuntsu ba ya kwana a iska, in babu ice babu masauki. Aka ɗauki gatura. Ni ina jin faɗuwarsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne na san muryarsa.”

“Jan bakin sun daina zuwa?”

“Ina fa! Ashe su a fadama suke kwana, can cikin kyauro, ba ruwansu da icenmu. Waɗanda suka tafi su ne namu na gida. Shamuwa ta zo da bazara kamar yadda ta saba, ta yi ta kewaya gari tana neman gawonta, ta gaji ta wuce. Tun daga nan ba ta ƙara dawowa ba. Sai fara ta sami gari. Ɗango, ’ya’yan fara, ke fitowa daga ƙasa kamar an zuba shi da ƙwarya, ya cinye shuka tun tana jaririya. An yanke magana, Auta. In daminar bana ta yi irin ta bara, da kaka kowa zai ɗaure kayansa, gari ya watse. Na ce musu ni a bar ni da tulu ɗaya. A nan aka binne ubanku, ba inda za ni.”

Cindo ya san uwarsa. In ta ce ba ta zuwa, ko a kan kafaɗa aka ɗauke ta sai ta rarrafo ta dawo.

Lokacin sassabe ne, sai ya bi mutane gona ya ga yadda suke yi. Kututturan nan ashe ba su mutu ba. Kowace shekara sai sun fitar da toho, kore shar, kowace shekara kuma sai an bi su da adda an daddatse, a tara a cinna wuta. Ya tuna yadda yake saka kan burtu ya durƙusa cikin ciyawa tun safe har rana ta yi tsaka yana jiran barewa, ba abin kallo sai tsuntsaye. Ya sha ganin shamuwa tana bin ɗango tana tsincewa har ta kasa tashi, ya ga fakara da ’ya’yanta suna tonon ƙwan fara a gindin kurmi. Ya nufi inda yayansa ke tsaye.

“Yaya, a bar tohon nan ya tashi. Ko ɗaya-ɗaya ne a kan kowane kututture.”

Nomau ya dube shi tun daga takalmi har kai. “Sannu da zuwa, baƙo. Jiya ka iso, yau za ka koya mini noma? Buɗe tafin hannunka in gani. Ko kantar fartanya ɗaya babu.”

“Ba noma zan koya maka ba. Tsuntsu na sani.”

“Ni ma na san shi. Na ga abin da ya yi wa geron garin nan lokacin da kake can kana cin naman ɓauna. Ni na haƙa kaburburan yara a shekarar, ba kai ba.” Ya juya ga mutane. “Ku ci gaba da sara.”

Maganar ta shige Cindo, don gaskiya ce. Ya ja da baya, ya sauke bakansa daga kafaɗa.

A al’adar wancan zamani, duk abin da kibiyar maharbi ta kafe a jikinsa ya zama nasa, ko zomo ne ko giwa, ba mai taɓawa sai shi, muddin kibiyar tana wurin. Ban da haka manomi ba ya kusantar kibiya mai dafi da fartanya ko da wuta, don ana cewa ko ƙasar da ta taɓa in ta shiga faso a ƙafar mutum, sai dai a nemi masu wankan gawa. Cindo ya zaro kibiya, ya ɗana, ya sake ta. Ta kafe a wani kututturen kirya da wani mutum ya ɗaga adda zai sare wa toho. Mutumin ya yi tsalle ya koma baya.

“Wannan nawa ne,” in ji Cindo.

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, “Barka da arziki, maharbi! A kawo wuƙa a yi fiɗa, ni ƙafar baya nake so!” Wani ya ce, “Shekara da shekaru a daji, ashe abin da ya koyo ke nan. Namun da ba sa gudu!”

Cindo ya zaro ta biyu. Haka ya bi gonakin Gawon Tudu yana harbin kututture, gawo da kirya da marke da kanya, inda babu kututture kuma ya kafa kibiya a kan iyakar gona don ciyawar wurin ta tsira. Ya san abin da yake yi wa kansa. In ya zare kibiya, ice ya fita daga hannunsa. In ya bar ta, ruwan damina zai wanke dafin, tsatsa ta cinye ƙarfen. Kowace ya zaro sai ya ɗan riƙe ta, don ya san wadda ta kayar da ɓauna a bakin kogi, ya san wadda ta cece shi daga damisa. Masu dariya suka gaji suka daina, suka riƙa binsa da ido.

Da ya zo gonar Nomau, wadda ta fi kowace girma, sai ya tarar da shi tsaye a bakinta da gatari.

“Cindo, nono ɗaya muka sha. Amma in kibiyarka ta sauka a gonar nan, da gatarin nan zan raba bakanka biyu.”

Cindo ya leƙa kwarinsa. Saura ɗaya. Ya mayar da murfi ya juya.

Da ya ba uwarsa labari sai ta yi dariya har ta yi tari. “To, ka tanadi masaukin ƙanana. Ita babbar baƙuwar fa? Shamuwa ba ta sheƙa a kan toho, kuma ba za ta jira icenka ya girma ba.” Ta sa ya shiga ɗakinta ya fito da tsofaffin kwandunan da aka kawo ta da su gidan miji, waɗanda ba ta yarda ko kaza ta hau. Ta ce ya je fadama ya nemo dogayen gwafanni. Ya kafa su a bayan gidaje, ya ɗaura wa kowace kwando a bisa, ya zuba ’yan ƙirare a ciki. Mafi tsayi ya kafa ta a gindin kututturen babban gawo na ƙofar gari.

“Inna, za su zo kuwa?”

“Kai da aka daina ajiye wa tuwo ba ga ka ba?”

Aka shiga jira. Zafi ya tsananta, hadari ya taso ya watse, ya sake tasowa ya watse. Kwandunan suna can sama wayam, iska na kaɗa su. Mata suka fara ƙirga tukwanen da za su iya ɗauka da waɗanda za su bari. Shi kansa Cindo ƙafarsa ta fara yi masa ƙaiƙayi, har ranar wata kasuwa ya kai bakin hanya ya tsaya yana duban kudu. Da ya waiga ya hango uwarsa zaune a gindin danga, ta karkatar da kai tana saurare, sai ya dawo.

Wata rana da hantsi, sama fes babu ko gajimare, Marka ta ɗaga hannu ta ce a daina daka. “Ga su nan.” Aka fito aka duba gabas da yamma, ba a ga komai ba. Wasu suka ce tsufa ne. Ana cewa sai da aka gama dakan, aka tankaɗe, aka ɗora tukunya, sannan aka ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe can ƙurewar sama ta kudu. Suka yi ta kewayawa suna saukowa. Duk garin aka riƙe numfashi. Wata babbar shamuwa ta sauko ta dira a kan gwafar ƙofar gari, ta dubi kwandon da ido ɗaya, ta ɗauki ƙirare ɗaya ta gyara masa zama, ta kwanta. Kafin rana ta faɗi ruwa ya sauka, kuma aka yi shuka.

Gero ya tsiro, ɗango ma ya fito kamar yadda ya saba. Amma a wannan karon ya tarar da masu jiransa. Shamuwoyi suka shiga tsakanin kunyoyin gona suna tafe kamar ’yan gayya. Balbelu suka biyo su. Tohon da aka bari ya yi kurmi a gindin kowane kututture, fakara da zabin daji suka yi ƙwai a ciki, suka fito da ’ya’ya masu yunwa. Cilakowa ta dawo da surutunta. Abin mamakin da har yau ake faɗa shi ne sandunan kiban da ya kafa a kan iyakoki. Busasshen kyauro ne da ya yi shekaru a cikin kwari, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya yi saiwa ya fitar da ganye.

Gona ɗaya ce ba ta ga wannan ba. Nomau ya tsayar da mutanen gidansa da majajjawa da ƙorai masu tsakuwa, tun safe har yamma suna korar duk abin da ke da fiffike. Ɗangon da ya tsere daga maƙwabta sai ya sami mafaka a wurinsa. Kafin a yi maimai, babbar gonar Sarkin Noma ta fara komawa kamar kan da aka yi wa aski.

Da sassafe ya zo ƙofar ɗakin uwarsu, inda Cindo ke zaune yana shafa wa bakansa mai. Ya daɗe tsaye. Sannan ya jingina gatarinsa da danga.

“Na sallami masu majajjawa,” in ji shi. Ya yi gyaran murya. “An ce saura ɗaya a kwarinka.”

“Saura ɗaya, Yaya.”

“Ita ce ta ƙarshe, ko? In ka ba da ita, da me za ka shiga daji?”

“Da ƙafa, kamar yadda na fara.”

Ya zaro ta ya miƙa masa ta gindi. Nomau bai iya harbi ba, don haka da hannu ya kai ta, ya durƙusa ya kafa ta a wani kututturen gawo na tsakiyar gonarsa, wanda shi da kansa ya sare, ya buga ta da dutse har ta zauna. Marka ta ji maganarsu daga ɗaki. Ranar dai ta sa aka yi wa ɗan farinta fura da nono mai yawa.

Ba a ce jan baki ba su zo ba. Sun zo da gero ya nuna, sun ci rabonsu. Sai dai shaho da shirwa sun sami wurin tsayawa a kan gwafanni da dogayen toho, suna tarwatsa su kafin su zauna da kyau. Sun ci, amma ba su cinye ba. Gonar Nomau ta ba da rabin abin da ta saba, sauran gonaki suka cike giɓin. Da kaka aka hau rumbuna aka mayar musu da jinka. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar tashi.

Tun daga wannan shekara ba a sare toho kaf a Gawon Tudu. Mai sassabe in ya zo kan kututture sai ya zaɓi reshe mafi miƙewa ya bari, ya kafa kara a gefensa ya soka masa gashin zabo, ya ce, “Na Cindo ne,” kuma ko mai neman itacen girki ya san ba nasa ba ne. Ba a nome iyakar gona, ana barin ta da ciyawarta, ba a kuma cinna mata wuta sai fakara ta gama renon ’ya’yanta. Gawon da ke ƙofar gari yanzu daga wancan kututture ya tashi, masu idon gani suna cewa akwai ƙarfe a cikin zuciyarsa. Itatuwa sun yi yawa har shamuwa ba ta buƙatar kwando, amma duk bazara sai an kafa gwafa ɗaya a inda gidan Marka yake, an ɗaura mata sabo. Gwafar Auta ake ce mata. Samarin garin da suka watsu cikin duniya, in sun dawo, ita suke fara dubawa su ga ko an sabunta.

Shi kuwa Cindo, a waccan shekarar da aka gama ɗaure dammunan gero, shamuwoyi suka fara taruwa a fili suna gwada fiffike, ’ya’yansu sun kai girman iyaye. Marka ta ji shi yana fita yana shigowa, yana ɗaga abu yana ajiyewa.

“Auta, kawo kwarin nan.”

Ya miƙa mata. Ta shafa cikinsa ta ji wayam. Ta jawo ƙwaryar gumbar da ta sa aka daka da sabon gero, ta riƙa dunƙulawa tana cusawa a ciki har ya cika, ta rufe.

“Ba za ki hana ni ba, Inna?”

“Na hana ubanka, ya zauna, ya yi ta duban hanya har ya mutu. Je ka. Yanzu ina jin wayewar gari da kunnena, ba sai an faɗa mini ba.” Ta riƙe yatsan nan nasa na ƙari ta ɗan ja. “Kwando ɗaya na hana ka hawa da shi, yana ƙarƙashin gadona. Zan sa yayanka ya kafa masa gwafa a ƙofar gida. Wannan ba na shamuwa ba ne.”

Dattawa a nan suke tsayar da labarin. In an tambaye su ko ya dawo, sai su ce su dai abin da aka gaya musu shi ne an gan shi a ƙofar gida da hantsi, ya ɗaura warkinsa, ya rataya kwari mai cike da gumba, ya sunkuya yana gyara maɗaurin takalminsa, shamuwoyi kuma suna kewayawa a bisa kansa sun fuskanci kudu.